Dajin Gundumi da Hoton da Ba a Ɗauka Ba

A ƙarshen watan Maris na 1853, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shiga dajin Gundumi a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Ayarinsu ya yi awa 26 yana tafiya ba tare da yada zango ba, domin daji ne marar ruwa, kuma mahayan Gobir na iya auka wa matafiyi a kowane lokaci. Da suka fito a galabaice, sai suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu yana haramar yaƙi. Daga nan Barth ya wuce Wurno, ya zauna fiye da wata guda. Shekara 29 kafin wannan, a 1824, Hugh Clapperton ya keta dajin, shi ma sai da Muhammadu Bello ya aiko masa da rakiyar mahaya.

Dukansu biyu sun bar rubutu, Barth ya ƙara da zane-zane. Babu wanda ya bar hoto. A zamanin Clapperton ba a ƙirƙiro kyamara ba tukuna, sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa, kuma ta zamanin Barth akwati ce mai nauyi wadda ke buƙatar abin da za a ɗauka ya tsaya cik. Barewa kuwa ba ta san wannan ladabi ba.

Wanda ya tsaya a Rara, ko Gandi, ko Goronyo, ya fuskanci hanyar Isa, Gundumi yake kallo. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne yadda aka yi daji mai wannan faɗi ya zauna a ƙofar babban birnin daula. Rashin ruwa na daga ciki, amma babban dalilin yaƙi ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka ci gaba da kai hari. Daula ta amsa da garuruwan ribaɗi irin su Wurno, inda Muhammadu Bello ya tare har ya rasu a 1837. Tsakanin ganuwar ribaɗi da mahayan Gobir sai aka sami fili da ba mai iya noma a cikinsa. Manomi ba ya shuka inda ba shi da tabbacin girbi. Haka dajin Rugu ya kasance a yammacin Katsina, tsakanin Katsinawan daula da na Maraɗi. Inda garma ta kasa shiga, itace ya yi kauri, dabba ta sami mafaka.

Dabbobin wannan shiyya sunayensu na nan a bakin kowa, ko da idon mafi yawan masu faɗar bai taɓa sauka a kansu ba: gwanki, kanki, barewa, gada, mugun dawa, ɓauna a wajen fadamu, jimina, kura, damisa, giwa. Akwai kuma raƙumin dawa, wanda har farkon ƙarni na 20 ake samunsa tun daga Senegal har Tafkin Chadi, arewacin Nijeriya na ciki. Barth da kansa ya ambaci ƙasar da ke tsakanin Azbin da Damargu a matsayin mazauninsa. Daji marar ruwa bai dame shi ba, tun da mafi yawan ruwan da yake buƙata a ganye yake samu.

Harshe ya adana yadda aka ɗauki waɗannan halittu. Bahaushe ya ce namun daji. Maharbi in ya hangi gwanki a tsaye da ransa, cewa yake ya ga nama. Tun kafin a harba, suna ya riga ya kai shi tukunya. Ba laifi ba ne, haka rayuwa ta kasance kusan ko'ina a duniya. Sai dai a cikin sana'ar harbin akwai wani ilimi da ya wuce neman miya, kuma babu abin da ya fi nuna shi kamar burtu. Maharbi kan samo kan wannan babban tsuntsu mai yawo a ƙasa, ya haɗa shi da lanƙwasasshen itace a matsayin wuya, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe jiki da baƙin tufafi, ya shiga ciyawa da rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsun na tsintar ƙwari. Barewa ta saba ganin burtu a wurin kiwo, ba ta gudunsa. Da haka mutum zai matso har inda kibiya mai dafin kwankwani za ta isa. Kafin ya kai nan dole ya san inda iska ke kaɗawa, ya karanta sawu ya san na jiya ne ko na ɗazu, ya san lokacin da dabba ke kwanciya da itacen da take so, ya kuma iya zama wuri ɗaya har ƙafa ta mutu bai motsa ba. Sarakuna sun san darajar wannan ilimi, shi ya sa aka yi sarautun Sarkin Baka da Sarkin Dawa.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda mai ɗaukar hoton namun daji ke aiki zai gane cewa wannan ilimin ne, ba ragi ba ƙari. A tarihi ma daga hannun maharba sana'ar ta fito, kuma wata dabba da Hausa ba ta da sunanta tana tsakiyar labarin.

Turawa na kiranta mus. Dabbar ƙasashen sanyi ce, Kanada da Alaska da arewacin Amurka da Suwidin da Rasha. Mafi sauƙi a kamanta ta da gwanki, amma ta ninka shi: babban namiji kan haura kilo 500, tozonsa ya kusa mita 2 daga ƙasa, ƙahoninsa shimfiɗaɗɗu kamar tafin hannu a buɗe, kuma duk shekara sukan zube wasu su fito. Tana son shiga tafki da dare ko da asuba tana cin ciyawar ruwa. Wani lauya ɗan Amurka, George Shiras na Uku, wanda ya taɓa zama ɗan majalisar wakilai daga jihar Pensilbaniya, ya tashi yana farauta a tafkunan Michigan. A can ya koyi dabarar mafarautan ƙabilar Ojibwe: a sa wuta a goshin kwalekwale da dare, a tuƙa a hankali, dabbar da ke bakin ruwa sai ta tsaya tana kallon hasken, idanunta na ƙyalli. Wajen 1889 ya ajiye bindiga ya ɗora kyamara a wurinta, yana kunna hodar maganiziyam don ta ba da walƙiya. Daga baya ya riƙa ɗana zare a hanyar dabba yadda in ta taɓa shi ita za ta ɗauki kanta hoto. Tarko ne dai, irin wanda kowane maharbin Rabah zai gane da gani ɗaya.

A watan Yuli na 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa guda. Biyu daga cikin shugabannin ƙungiyar da ke buga ta suka ajiye muƙami don fushi, suna ganin an mai da mujallar ilimi littafin hotuna. Masu karatu ba su bi ra'ayinsu ba. Shiras ya ci gaba har ya bi sawun mus a ƙuryar gandun Yellowstone, kuma a 1914 masana suka sa wa irin mus ɗin wannan yanki sunansa. Inda abin ya kai a yau ya isa a yi mamaki. Tun 2019, gidan talabijin na ƙasar Suwidin, SVT, kan kafa kyamarori a bakin wani kogi na arewacin ƙasar, ya yi kusan mako uku yana nuna ƙaurar mus kai tsaye dare da rana. Sau da yawa awanni kan wuce ba a ga komai ba sai ruwa da itatuwa. Miliyoyin mutane ke kallo.

A daidai shekarun da Shiras ke cikin kwalekwalensa, abubuwa uku suka sauka a kan dabbobin ƙasar Hausa kusan a jere.

Na farko annoba ce. Cutar bushiya da ta shigo Afirka ta gabas a ƙarshen shekarun 1880 ta iso yammaci wajen 1891, ta share garken Fulani. Ba shanu kaɗai take kamawa ba, tana kashe ɓauna da mugun dawa da raƙumin dawa da sauran masu kofato. Na biyu bindigar Bature ce. A 1898 wani masani a gidan adana halittu na Landan, Oldfield Thomas, ya karɓi ƙoƙon kai da ƙasusuwan ƙafa na wani raƙumin dawa da aka harbe kusa da Lokoja, ya ga tsawonsu, ya raɗa wa irin suna peralta, wato mai tsananin tsawo. Ke nan kimiyya ta fara sanin raƙumin dawan Afirka ta Yamma ne daga gawar wani ɗan Nijeriya. Shekara biyu bayan haka, a 1900, ƙasashen Turai suka zauna a Landan suka rubuta yarjejeniyar kare namun dajin Afirka, suka sa raƙumin dawa cikin waɗanda ba a yarda a taɓa ba. Dokokin da suka biyo baya, kamar ta 1916 a Nijeriya, suna da wata ɗabi'a guda: jami'in da ya sayi lasisi ɗan wasa ne, talakan da ya haƙa rami ko ya ɗana tarko ɓarawo ne. Maharbin gargajiya, wanda ya fi kowa sanin dajin, ya tashi daga mai sarauta ya koma abin tuhuma, kuma ba wanda ya ga dalilin zama da shi a rubuta abin da ya sani.

Na uku shi ne mafi ƙarfi, kuma shi ne wanda ba a iya zargin kowa a kansa: zaman lafiya. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma aka ja iyaka tsakaninsu da Faransawa, hare-haren Gobir da Maraɗi suka tsaya. Mutane suka fito daga bayan ganuwa, bayin da suka sami kansu suka nemi gonakin kansu, haraji ya tilasta noman gyaɗa da auduga. Tunga bayan tunga ta tsiro a inda da ba a kwana. Abin da yaƙi ya tsare shekara ɗari, gatari ya shiga cinsa daga gefe. Hukuma ta keɓe Gundumi da wasu dazuzzuka a matsayin gandu, amma tunanin gandun na itace ne da kiwo. Sannan bindigar toka ta yawaita, fitilar goshi ta zo. Hasken da ya tsayar da mus don a ɗauke ta hoto, irinsa ne ya tsayar da gada a nan.

Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, wanda shi kansa haifaffen Rabah ne, ta yi yunƙuri. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu kallo a 1962, aka kuma yi dokar namun daji ta Arewa a 1963. Yankari ya tsira, har yau akwai giwaye a cikinsa. Amma yana ƙasar Bauchi, kuma kwarin Rima bai sami makamancinsa ba. Farin 1972 zuwa 1974, da na farkon shekarun 1980, sun ƙarasa abin da ya saura. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo da aka kammala a 1984 sun canza yadda ruwa ke malala a fadamu. Giwayen ƙarshe na wannan sashe su ne garken da ke kai-komo tsakanin dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, da dazuzzukan Katsina da Zamfara a shekarun 1980 da 1990. A lokacin da kyamara ta zama abin da malamin makaranta zai iya saya, sai bukin suna da na aure suka rage a ɗauka. A 2006, da Jihar Bauchi ta so zuba raƙuman dawa a gandun Sumu, daga Namibiya aka kawo su, kuma ba irin na nan ba ne.

Har zuwa 2018, irin na nan suna wuri ɗaya tak a duniya, kuma daga Rara zuwa can, a miƙe, bai kai kilomita 400 ba.

Kure ƙauye ne na Zabarmawa, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. Raƙuman dawan da ke wajensa baƙi ne su ma, farin shekarun 1980 ne ya koro su daga wajen iyakar Mali. Ba su zauna a gandu mai shinge ba. Da damina suna kan tudu cikin geza da sabara, da rani su gangara kwarin Dallol Boso, inda gawo ke fitar da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka zubar. Tsakanin gonakin gero da rijiyoyi da shanu suke yawo. Babu zaki a wurin, abokin gabarsu mutum ne kawai. A 1996 aka ƙirga su aka sami 49. A wannan shekarar ce kuma Shugaba Ibrahim Bare Mainasara ya so yi wa shugabannin maƙwabta kyautar raƙuman dawa, aka tura soja su kamo, da dama suka mutu wajen kamun. Da an ƙara irin wannan kyauta sau biyu, da yau sai dai a je Landan a ga ƙashi. Binciken ƙwayoyin halitta na 2007 ya ƙara nuna girman hatsarin, domin ya tabbatar cewa waɗanda ke gidajen zu na Turai da sunan peralta ba su ba ne, 'yan'uwansu ne na wajen Chadi da Kamaru. Babu wata ajiya a ko'ina.

A nan kyamara ta yi aikin da ya fi ado. Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsa, kuma ba ya canzawa daga haihuwa har mutuwa. Masu bincike, tun daga Isabelle Ciofolo a shekarun 1990, suka riƙa ɗaukar kowanne hoto ta dama da ta hagu, ana buɗe masa shafi. Da wannan kundi ake ƙidaya duk shekara, a san wadda ta haihu, da wanda ya ɓace, da namijin da ya yi nisa har wajen iyakar Nijeriya. Lissafi ne na ɗaya bayan ɗaya, wanda minista ba zai iya ƙara masa sifili ba. Su wa ke nemo dabbar a cikin daji kafin a ɗauki hoton? 'Yan ƙauyukan ne, waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan jagora, suna bin sawu, suna hawa kan mota ko itace suna hange, baƙo ya biya. Ilimin mai burtu ne ya sami wanda zai saye shi ba tare da an zubar da jini ba.

Kada a ɗauka soyayya ce tsakanin manomi da dabbar. Raƙumin dawa na cin wake a gona, yana cin mangwaro, yana zura wuya ya ci harawar da aka ɗora a kan rumbu. Wanda aka cinye wa wake ba ya ganin kyan zane. Abin da ya riƙe zaman shi ne doka mai hukunci, wadda Nijar ta sabunta a 1998, da kuma amfanin da ake gani da ido: ƙananan basussuka ga mata, rijiyoyi, da kuɗin jagora, ta hannun ƙungiyoyi irin su ASGN. Zaman 'yan marina ne a wasu lokuta, amma ya yi aiki. Daga 49, adadin ya haura 600 kafin 2018, shekarar da hukumar IUCN ta sassauta matsayinsu a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Ranar 9 ga Agusta, 2020, wasu 'yan bindiga a kan babura suka tare wata mota a dajin Kure, suka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED da suka fito kallon raƙuman dawa ranar hutu, da direbansu, da ɗan jagoransu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar 'yan jagorar. Ƙungiyar IS ta ɗauki alhaki. Aka rufe wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ba a taɓa dabba ko ɗaya ba a ranar, amma an kashe cinikin da ya sa manomi ke haƙuri da ita.

Mutumin gabashin Sakkwato ba ya buƙatar a fassara masa wannan. A watan Yulin 2018 an kashe fiye da mutum 30 a Tabanni da kewayenta a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi. A watan Oktoban 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka mutu. Gundumi ya koma abin da Barth ya tarar: dajin da ake ketawa da rakiya, ko a kauce masa gaba ɗaya. Gonakin gefensa da yawa sun koma saura. A ƙarni na 19 irin wannan tsoro ya yi wa dabba rana, domin mahayi da mashi bai iya ƙarar da daji ba, kuma akwai inda dabba za ta sake fitowa. Yanzu mazauna dajin na ɗauke da bindiga mai sarrafa kanta da babur, suna kuma buƙatar nama. Maharban da suka rage, jikokin Sarkin Baka, yawancinsu an ja su aikin sa-kai, sawun mutum suke bi. Dattawan da suka ga gwanki da idonsu a wannan ƙasa, suka san tafkin da yake sha da watan da yake haihuwa, sun haura shekara 70, wasu na zaune a sansanin gudun hijira. Kowane ɗalibin jami'ar Usmanu Danfodiyo na da abin naɗar murya a aljihunsa, kuma daga Sakkwato zuwa Rabah tafiyar ƙasa da awa guda ce. Abin takaici ne a ce an fi sanin adadin mus na Suwidin a intanet fiye da shekarar da aka ga raƙumin dawa na ƙarshe a kwarin Rima.

Abin da ya saura a ɗauka hoto a yankin yawanci mai fiffike ne. Tafkin Goronyo da fadamun Wurno na tara kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da belbela, da hunturu kuma tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su sauka, da bazara shamuwa ta iso. Gauraka, wadda a da kukanta ke cika fadama, ta zama abin nema a duk faɗin Nijeriya.

A watan Nuwamban 2018, hukumomin Nijar tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund suka kama raƙuman dawa takwas a yankin Kure, wannan karon da likitocin dabbobi, suka ɗora su a babbar mota suka yi tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa gandun Gadabeji a arewacin jihar Maraɗi, inda rabon da a ga irinsu an kusa shekara 50. Manufar ita ce kada annoba ɗaya ko rikici ɗaya ya tarar da su duka a wuri guda. An ƙara huɗu a 2022, kuma sun fara haihuwa a can, a gefen ƙasar da Barth ya kira mazauninsu. Kowannensu na da shafinsa a kundi, dama da hagu. Daga Gadabeji zuwa Goronyo kimanin kilomita 250 ne a miƙe, tafiyar da ba ta fi ƙarfin namijin da ya bar garke ba. A tsakani akwai gonakin Dakoro, da titin Maraɗi zuwa Ƙonni, da iyaka, sannan Sabon Birni.